Ƙafa ɗaya ta kumbura, munka ce targaɗe ne

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son in rubuta wanga abu, kullum sai in ce bari sai gobe. To jiya a fada wani abokinmu ya ɗage wando yana gwada muna ƙafarshi, wai kwana uku ke nan tana mishi nauyi tun da ya dawo daga Agadas, nan take aka shiga ba shi shawara, wannan ya ce man zafi wannan ya ce a kai shi wurin mai ɗori, wallahi sai da gabana ya faɗi don maganganun da anka yi mini ke nan sak a 2023. Na aza shi bisa moto munka tafi likita. Nashi dai alhamdulillahi ba gudan jini ba ne, amma da na koma gida barci ya ƙi zuwa, shi ne na ce yau kam sai na rubuta.

Ana gab da kama azumin 2023 na faɗi da moto a nan Yamai, idon sawuna na hagu ya tsage, anka ɗaure ƙafar da platir, wato simintin ɗaurin karaya. Sati uku ina zaune, daga katifa sai tabarma, biro ma ban je ba. Da anka cire platir ɗin saura kwanaki kaɗan sallah, ni kuma ban taɓa yin sallah nesa da Inna ba, don haka na yanki tiken kar, wato babbar motar fasinja, na kama hanyar Tawa. Wanda ya san hanyar ya san ta, kilomita wajen 550, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, a karya kwana a Tsarnawa a miƙe ta Badagishiri, awa takwas ko fiye in ba a samu matsala ba. Wurin zamana can baya ne jikin taga, ga jakar kayan sallar yara a ƙarƙashin ƙafafuna, gwiwa a lanƙwashe ba damar miƙewa. A Doso ban sauka ba, a Dutsi ma ban sauka ba don tsallake kayan mutane da ciwon idon sawu aiki ne. Ga azumi a bakina, ga zafin Afrilu da kowa ya sani, tun sahur ko ɗigon ruwa bai shiga cikina ba.

Kwana biyu da isata sai sha-raɓata ta hagu ta fara ciwo, irin ciwon nan kamar jijiya ta ɗaure ta ƙi saki. Washegari ta kumbura, ta yi tauri, in ka aza hannu ka ji ta fi ɗayar zafi, fatar ta ƙara duhu tana ƙyalli. Inna ta duba ta ce, kai wanga, targaɗen nan naka na ya tashi, masu farar riga ba su iya ɗori ba, bari a kiro mai ɗori shi gyara maka ƙahwa. Kowa a gidan ya yarda, ni ma na yarda, don ai ƙafar da ta ji ciwo ce. Mai ɗori ya zo da mai a ƴar kwalba ya murza, ya matsa, ya ja, tun daga idon sawu har bayan gwiwa. Bawan Allah iyakar saninshi ya yi, ban riƙe shi a rai ba. Wani mai tallar magani a tire kuma ya ba ni diklofenak. Har anka fara maganar wanzami ya zo ya yi ƙaho ya fidda mataccen jini.

A daren na tafi masallacin unguwa, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, sai na ji numfashi yana gagara ta kamar wanda ya yi gudu, zuciya na ta bugawa fat fat, in na ja iska sai wani abu ya soke ni a haƙarƙarin dama. Na ce gajiyar azumi ce.

Allah ya taimake ni da ɗiyar kawuna, sashfam ce, wato ungozomar likita, ta zo gaida Inna da safe. Tana ganin ƙafar fuskarta ta sake. Ta aika anka karɓo mata santimetir wurin tela ta auna sha-raɓa biyun a wuri guda, ta hagu ta fi ta dama da santimita huɗu. Ta tambaye ni ko numfashina lafiya, na gaya mata abin da ya faru da dare. Ta ce Yaya don Allah tashi yanzu yanzu, kada wanda ya ƙara taɓa ƙafar nan, ba targaɗe ba ne. Inna ta ce a bari a sha ruwa tukuna, ta ce Inna ki yi haƙuri wagga ba ta jiran magariba. Ban taɓa jin ta musa ma Inna magana ba sai rannan.

Anka yi mini eko na jijiyoyin ƙafa, wanda suke kira dopler, na'urar nan ce dai da ake duba cikin mata da ita. Lokotoro ya juyo mini da allon ya ce duba, jijiyar jini mai lafiya in na danna ta sai ta lotse, wagga ta bayan gwiwarka ta ƙi lotsewa don akwai gudan jini cikinta. Su flebit suke ce mishi, ko tromboz. Ya ce kuma wani ɓantare ya riga ya ɓalle ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya maƙale a huhu, shi ne amboli, shi ne abin da ya soke ni a haƙarƙari. Nawa ƙarami ne. In babba ne ya toshe babbar hanyar huhu, mutum yana tsaye yana magana sai ya faɗi, shi ke nan.

Bayanin da ya yi mini daga baya shi ya fi zama a kaina. Duk wanda ya taɓa yanka ragon layya ya ga yadda jini ke zama guda-guda kamar hanta cikin ƴan mintuna. Wanga rahama ce, ba don ita ba ko yankan reza sai ya kashe mutum. Matsalar ita ce in jinin ya yi haka a cikin jijiya inda babu rauni a waje. Kuma jinin ƙafa hawa yake yi, daga ƙasa zuwa zuciya, abin da ke tura shi sama shi ne naman sha-raɓa, duk takun da ka yi yana matsa jijiyar kamar pampo, cikin jijiyar kuma akwai wasu ƴan ƙofofi da ke hana shi komawa ƙasa. In ka zauna awa da awanni ba motsi pampo ya tsaya, jini ya kwanta, to abin da ya kwanta kamawa yake yi kamar madarar da anka aje a ƙwarya. Wani likitan Jamus mai suna Rudolf Virchow tun ƙarni na 19 ake jingina mishi abubuwa uku da ke kawo wanga ciwo, jini ya rage gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko shi kanshi jinin ya zama mai saurin kamawa. Lokotoro ya ƙirga mini da yatsu, karaya da platir, zaman kar na awa takwas, ga ƙishirwa, ya ce kai duka ukun ka haɗa. Ranar haihuwar shi Virchow ɗin, 13 ga Oktoba, ita anka maida ranar tunawa da wanga ciwo a duniya tun 2014, kuma masu shirya ta sun ce cikin kowane mutum huɗu da ke mutuwa a duniya ɗaya gudan jini na da hannu a ciki, in an haɗa da wanda ke toshe jijiyar zuciya da wanda ke toshe ta ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Amma mu a nan tansiyo da diyabet kowa ya san sunansu, wanga kuwa ni da na yi lakwal har jami'a ban taɓa jin shi ba sai da ya kwantar da ni.

Ina kwance a likita na tuna da yayata, Allah ya jiƙanta. Shekaru da dama da sunka wuce ta haihu ta hanyar aiki, anka sallame ta, tana ɗaki tana jego ba ta fita ko tsakar gida don an ce mai ɗinki ba ta motsi. Kwana goma da haihuwa ta tashi za ta kewaya, ta dafe ƙirji ta ce numfashina, kafin a samo mota rai ya yi halinshi. Anka ce iska, wasu sunka ce baki. Inna ce da kanta ta tuna mini, tana zaune bakin gadona ta ce, ita ma hwa ƙahwa guda ta kumbura mata, munka ce kumburin jego na. Daga nan ba ta ƙara cewa komi ba, ni ma haka. Kwana ya ƙare ne babu shakka, amma ya kamata a ce wani a gidan ya san alamar.

Shi ya sa maganar mata ta fi damuna a cikin wanga al'amari. Ciki da kanshi yana sa jini saurin kamawa, jiki ne ke shirin tsaida jinin haihuwa, kuma haɗarin ya fi yawa a sati shida na bayan haihuwa, kun ga dai daidai da kwana arba'in ɗinmu, lokacin da muke cewa mai jego ta zauna ɗaki kada ta yi komi. Hutu daban, kwanciya wuni guda daban. Mai jego ta huta da daka da ɗaukar ruwa, amma ta riƙa tashi tana zagaya tsakar gida, wadda anka yi ma aiki ma likitoci da kansu tada ta suke yi ta taka tun da wuri saboda wanga dalili. Kumburin da mai ciki ke yi na yau da kullum ƙafa biyu yake kamawa. In ɗaya ce ta fi ɗaya, ga ciwo ga zafi, a koma maternite ranar. Ba ciwon talaka ba ne kuma, Serena Williams mai wasan tanis ta Amurka ya kama ta a huhu a 2011, ya sake dawo mata a 2017 bayan an yi mata aikin haihuwa, abin da ya taimake ta shi ne ta san alamar ta matsa a duba ta. Haka ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estrojen suna ƙara haɗarin, wadda ta taɓa samun gudan jini ko akwai shi a danginta ta gaya ma sashfam tun kafin a ba ta, akwai wasu hanyoyin. Masu amosanin jini wato sikila, masu kansa, masu ƙiba sosai, masu shan taba, tsoho da ya daɗe kwance, wanda anka yi ma babban aiki, duk suna cikin layin.

To maganin. Da farko allura ce, Lovenox, a fatar ciki safe da yamma, gwargwadon nauyin mutum. Tare da ita anka fara mini Sintrom, ƙwaya ce mai tsaga huɗu, wani lokaci rabi wani lokaci kashi uku cikin huɗu. Muna ce musu maganin tsinka jini amma lokotoro ya ce ba ruwa suke maida jinin ba, kuma ba su ke narkar da gudan ba, hana shi girma suke yi su hana wani sabo fitowa, jiki da kanshi shi ke cinye tsohon sannu a hankali cikin makonni da watanni. Mafi ƙaranci wata uku ake sha, ni shida anka yanka mini saboda huhun, akwai kuma waɗanda har iyakar rayuwa ne. Akwai sababbin magunguna irin su Xarelto da Eliquis da ba su buƙatar yawan awon jini, na tambayi kuɗin a farmasi na ga albashina ba zai ɗauka ba, na tsaya ga Sintrom.

Shi kuwa Sintrom sai da analiz da ake kira INR, awon da ke gwada saurin kamawar jini. Ana son lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3. In ta yi ƙasa gudan na iya dawowa, in ta haura jini na iya ɓallewa. Da fari duk bayan ƴan kwanaki, in ya daidaita sai wata-wata, kana da ɗan karne kana rubutawa. Na karanta asalin dangin maganin nan ya ba ni mamaki, a shekarun 1920 shanu ne a Amurka da Kanada sunka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci harawar da ta ruɓe, masana a Wisconsin sunka binciko sinadarin, a 1948 anka fara saida warfarin a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 anka yarda a ba mutane. Tun da na san haka ban ƙara wasa da awon ba, in na manta ban sha ba jiya ba na haɗa biyu yau, kuma ƙarfe takwas na dare alam ɗin salulata ke kaɗawa kullum.

Inda munka sha wuya shi ne abinci. Hanta da bitamin K take haɗa abubuwan da ke sa jini kamawa, Sintrom kuma hanyar bitamin K ɗin yake tarewa, bitamin K kuwa a ganye yake, zogala, alayyahu, kabeji, salati da sauran ganyen miya. Maman yara da ta ji haka sai ta soke duk wani koren abu a gidan, ba dambun zogala ba kopto, sati biyu INR ya haura sama da 4, ina goga asuwaki jini na zuba a dasashi. Lokotoro ya kira ta ya ce Madam ba hana shi anka yi ba, ya ci yadda ya saba, abin da ba a so shi ne yau babu gobe ya cika kwano, mu za mu daidaita ƙwayar da cimarshi. Tun daga nan munka tsaida dambu sau biyu a sati, lambar ta zauna. Ina ganin wanga ya kamata a riƙa yi ma matan gida bayaninshi tun ranar sallama, don su ke riƙe da tukunya, takardar da ake ba mutum da Faransanci ba ta isa ba.

Sai magungunan kan titi. Mai shan maganin tsinka jini ba ya shan aspirin ko ibuprofen ko diklofenak da kanshi, suna iya sa ciki ya yi jini, in ciwon kai ne parasetamol kuma ba da yawa ba. Wasu antibiyotik ma suna hargitsa INR. Jiƙo da sassaƙe da ƴan uwa ke kawowa don ƙauna, na riƙa karɓa da hannu biyu ina godiya amma ban sha ba, Inna ta ji zafin haka da farko, daga baya ita ke cewa masu kawowa ku bar shi likita ya hana. Ƙaho da tsaga babu su. Allurar ɗuwawu ma an hana, da damina da masassara ta kama ni sai da na gaya ma majo kafin ya rubuta ordonans, haka wurin mai cire haƙori. Aski na bar aska na koma tondas. Kaski kuwa, wato hular kwano, ko nan da bakin titi ne sai na sa, don bugun kai ga mai shan wanga magani na iya tara jini a ciki ba a gani ba. An ce mini in na ga haɓon da ya ƙi tsayawa, ko fitsari ja, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko ciwon kai mai tsanani da ban saba ba, kada in jira randebu.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne tsoro. Watannin farko ko tari na yi sai in dafe ƙirji, da dare in tashi in kunna torshi ina duba ƙafa. Har tafiya na riƙa jin tsoro, ina ganin kamar motsi zai ɓalle wani gudan, alhali lokotoro cewa ya yi tunda magani ya kama, tafiya ita ce abokiyata. Sai na fara da bayan asuba, daga gida zuwa bakin gudron in dawo, yanzu ina yin minti arba'in ba na jin komi. Abin da ya rage mini shi ne in na wuni tsaye ko zaune ƙafar takan yi nauyi da yamma, ƴan ƙofofin nan na cikin jijiya ne sunka ɗan lalace, sai in aza ta bisa matashi. Safar nan mai matsewa tana taimakawa, da zafin Yamai ba daɗi amma ranar doguwar tafiya ba na barin ta. A biro duk awa guda sai na tashi, ko ba komi in je in ɗebo ruwa.

Azumin 2024 na yi shi cif, na riga na gama magani, sai dai tsakanin magariba da sahur ina shan ruwa sosai ba shayi kaɗai ba. Wanda yake kan magani ya zauna da likitanshi tun cikin Sha'aban a tsara lokacin sha. Ranar tafiya kuwa yanzu ajiye azumin nake yi in rama, Allah da kanshi ya yi ma matafiyi da majinyaci sauƙi a Suratul Baƙara, na tambayi malaminmu ya ce karɓar sauƙin nan ba ragin imani ba ne. Alhazanmu ma su sani, daga Yamai zuwa Jidda a jirgi ya fi awa huɗu, kuma daga awa huɗu na zama wuri guda ake fara lissafin haɗarin, ga jiran filin jirgi kafin nan, galibinsu kuma tsofaffi ne.

Wanda ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura da ciwo, balle in numfashi ya fara gajarta ko ƙirji na suka ko tari da jini, kada a murza kada a matsa, a nufi irjans, wato sashen gaggawa, a Yamai ga babbar likita ta ƙasa ga Lamorde ga Referans, a Tawa ga babbar likitar jiha, kuma ka buɗe baki ka gaya musu ka yi doguwar tafiya ko an yi maka aiki ko haihuwa anka yi kwanan nan, wanga bayani shi ke sa su yi tunanin dopler da wuri.

Sati mai zuwa in sha Allah zan koma Tawa, ƙanwarmu auta ta haihu, ita ma aiki anka yi mata. Na riga na yanki tike na roƙi wurin zama na bakin hanya, Doso zan sauka Dutsi zan sauka Ƙonni ma haka, in zagaya kar ɗin sau biyu kafin direba ya yi oda. Da na kira jiya Inna ce ta ɗauka, ta ce mai jegon na tsakar gida tana takawa, ita ta tada ta tun da hantsi, kuma santimetir ɗin tela na nan rataye a ƙusa bakin ƙofar ɗakin.